Kan Jirgin Kuza a Teburina na Maryland

Mahaifina ya yi aikin reluwe yana saurayi, yana zuba wa jirgi kwal a ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru. Turawa sun gama shimfiɗa shi a 1914 domin kwaso kuza daga tsaunukan Filato. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layin Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne. Da babban layin ya isa Jos ta Kafancan a 1927, sai kasuwar ƙaramin ta fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957.

Yanzu Baba ya tsufa, mantuwa ta fara kama shi. Ina zaune a Silver Spring, a gefen birnin Washington, idan na kira shi wani lokaci sai ya tambaye ni ko wane ne. Amma da an ambaci jirgi, bakinsa ya buɗe.

Wata Asabar na kai 'yata gidan tarihin Amurka na Smithsonian, muka tsaya gaban John Bull, kan jirgin da aka ƙera a Ingila a 1831. Ta tambaye ni da Turanci ko irinsa kakanta ya yi wa aiki. Na rasa hoton da zan nuna mata. A ranar na ƙudurta sai na ƙera mata shi da hannuna. Ai mun yi motar kara da ta langa-langa a Tudun Wada, wannan ma ɗan uwansu ne, sai dai yana son awo.

A kasuwar masu wannan sha'awa da ke ci a Timonium, kusa da Baltimore, na gano ma'aunin da suke kira On30. Kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske tana komawa kwatan inci, wato kashi 1 cikin 48. Ɗan layin da ake ɗora shi yana da faɗin milimita 16.5, wanda ya yi kusan daidai da inci 30 na layin Baba. Injin lantarki da ƙafafu kawai na saya. Sauran duk ni na yanka daga fallen tagulla: tukunyar ruwa daga bututu, ɗakin direba, tankunan ruwa biyu na gefe. Na yi ta gogawa da magagari, ina liƙewa da dalma, kusoshin jiki kuwa ɗaya bayan ɗaya na fito da su da bakin allura. Bayan na taso aiki nake zama, awa ɗaya ko biyu. Ɗakin direba sau uku ina rushe shi, domin da zafi ya yi yawa, tsohon liƙi sai ya saki. Sannu ba ta hana zuwa.

Da na gama, na kira ƙanena a WhatsApp ya kai wa Baba waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, ina akwatin yashi? Da me za ka hau dutse?" Ashe idan raɓa ko ruwan sama ya jiƙa dogo, ƙafafun jirgi sulɓi suke yi, sai an zuba yashi ta ɗan bututu a gabansu kafin su kama. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, zan gyara." Ya yi kusan awa guda yana ba mu labarin hawan Filato, kuma sau biyu ya kira sunana ba tare da an tuna masa ba. 'Yata na gefe, tana tambayata ma'anar kuza, tana maimaitawa.

'Yan uwa mazauna ƙetare, in kuna da dattijo a gida, ku tambaye shi aikin da ya yi da hannunsa tun yana iya ba ku amsa. Ni dai na koma teburi. Akwatin yashin bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, kuma Baba na jiran ya gani ranar Juma'a.