Saki Ba Ya Yanke Ciyarwa

A garuruwanmu, da zarar takardar saki ta shiga hannun mace, sai ta kwashe kayanta ta nufi gidan iyaye, shi kuma maigida ya ɗauka ya sauke nauyi ke nan. Shari'a ba haka ta ce ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewa ke hukunci da ita, matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana wuyan mijinta har ta gama idda: ci da sha, sutura da muhalli. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ma ya hana a fitar da ita daga ɗakinta. In saki uku ne ko hul'i, ciyarwa ta faɗi amma wurin zama yana nan, sai fa mai juna biyu, wadda za a ciyar har ta sauka.

Inda aka fi cin zali shi ne wajen 'ya'ya. Uwa ce ta fi cancanta da riƙonsu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta, ba hannun kishiya ba. Duk inda yaran suke, abincinsu da suturarsu da maganinsu na kan uba. Amma sau nawa muke jin magidanci na cewa, "In tana son in ciyar, ta dawo min da 'ya'yana"? Wannan ba sharaɗin addini ba ne, dabarar gudun ɗawainiya ce kawai, kuma ita ke jefa ƙananan yara talla da bara.

Akwai kuma mut'a, kyautar sallama da aya ta 241 a Suratul Baƙara ta ambata. Malikiyya sun ɗauke ta mustahabbi, mu kuwa mun manta da ita ɗungurungum. A Masar, dokar 1985 ta wajabta ta ga wanda ya yi saki ba da yardar matar ba, kuma ba da laifinta ba: aƙalla kuɗin ciyarwar shekara 2.

Iyayen zawarawa, ku daina cewa "a bar wa Allah" kan haƙƙin jikokinku. In sulhun dangi da na Hisba ya gagara, ku je gaban alƙali ya yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata.