Jajayen Ƙwayoyin Jini, Kitse Da Maganin Ƙanjamau: Abin Da Mai Juna Biyu Ya Kamata Ta Sani

A ɗakin awon ciki, matan da ke zuwa daga cikin birnin Zazzau sukan ja ni gefe su ce sun ji wai maganin ƙanjamau yana shanye jini, yana kuma tara kitse. Wasu har sun ajiye maganin a ɓoye. 'Yar'uwa, kafin ki yi haka, ki saurari bayani.

Yadda ƙwayar jini take aiki

Jar ƙwayar jini ita ce ke ɗaukar iskar da kika shaƙa ta kai ko'ina a jikinki, har mahaifa, inda jaririnki ke karɓar rabonsa. Takan rayu kwana 120. Wasu hanyoyin jini sun fi ta ƙanƙanta, dole sai ta lanƙwashe kafin ta wuce, kamar mai ɗauke da kaya a lungunan Kwarbai, wanda sai ya karkata sannan ya shige.

Fatar da ta lulluɓe ƙwayar tana da wani nau'in kitse da ake kira kolastarol. Idan ya yi daidai, fatar takan yi ƙwari da laushi. Idan ya yi yawa sai ta ƙage, ƙwayar ta riƙa wucewa da ƙyar, saifa kuma ta tsame ta tun kwananta bai cika ba.

Abin da bincike ya nuna

Masu bincike sun auna jinin masu ɗauke da ƙwayar cutar, sun ga jajayen ƙwayoyinsu ba su kai na sauran mutane laushi ba. Ita kanta cutar tana dagula kitsen jini ko ba a fara magani ba. Gaskiya ne kuma wasu magunguna suna da illa: zidovudine kan jawo ƙarancin jini, lopinavir kuma kan ɗaga kitse.

Amma an sami sauyi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita dolutegravir ga kowa, har da masu ciki. Shi ne ke cikin ƙwayar TLD da ake sha sau ɗaya a rana a asibitocinmu. Bai cika taɓa kitsen jini ba, sai dai yakan sa wasu ƙiba.

Ki sani kuma ciki da kansa yana ɗaga kolastarol, domin jariri na buƙatarsa wajen gina jiki, kuma yakan sauka bayan haihuwa. Kada ki sayi maganin rage kitse a kemis, ba a cika ba mai ciki shi ba.

Haɗarin ajiye magani

Idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan kamu a lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Da magani, adadin yakan koma ƙasa da 5. Illar magani ana iya aunawa a gyara, ko a canza wani. Jaririn da ya kamu kuwa zai sha magani muddin ransa.

Abin da za ki yi

1. Ki fara awo da wuri, a duba yawan jininki. Idan PCV ya gaza 33, akwai ƙarancin jini.
2. Ki sha maganin ƙarin jini kullum. Idan kina kan TLD, ki sha su tare a kan abinci, ko ki sha TLD awa 2 kafin na ƙarin jini, domin in babu abinci yana rage masa ƙarfi.
3. Ki kwana a gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini. Idan kina shan Septrin, kada ki haɗa da Fansidar.
4. Ki yawaita zogale, alayyafo, wake da kifi, ki rage man shanu, kitse da soye-soye.
5. Idan kina da sikila, ki faɗa tun ranar farko.
6. Jiri, haki, bugun zuciya ko ɗashewar ido, ki zo asibiti a ranar.

Maigida, kai ma a gwada ka, kuma ka ba ta izini da kuɗin mota ranar awo. Allah Ya sauke ku lafiya, amin.