Lakar da Ke Kwance Ƙarƙashin Ma'aikatun Gyaran Jiragen Ruwa

Duk jirgin ruwan da ya daɗe yana yawo a teku, wata rana sai an kai shi wurin gyara. A can ake raba shi da ruwa, a fesa masa yashi da ƙarfin iska don kankare tsatsa da tsohon fenti, a yi walda, a juye baƙin mai, sannan a shafe shi da sabon fenti. Akwai ma'aikatun da suka haura shekara ɗari suna wannan aiki a bakin ruwa guda. Abin da aka kankare kuwa ba ɓacewa yake yi ba. Ruwan sama da ruwan wanki su ne ke kwashe shi zuwa gindin tashar, ya nutse, ya gauraya da laka, ya kwanta.

Fentin gindin jirgi guba ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Ana so ya hana gansakuka da ƙananan halittun ruwa manne wa jirgi, domin idan suka taru suna rage masa gudu, su ƙara masa shan mai. Daga shekarun 1960 sinadarin da ya yi fice a wannan aiki shi ne TBT. Ya yi aikinsa har ya wuce gona da iri. A ƙarshen shekarun 1970 masu kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta ƙasar Faransa suka ga ƙananan kawa ba sa rayuwa, manyan kuma ɓawonsu ya yi kauri ya karkace. A wasu gaɓoɓin an ga matan katantanwar teku suna fitar da gaɓoɓin maza har su kasa yin ƙwai. Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage a 1982, Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, yarjejeniyar ta fara aiki a watan Satumba na 2008. To amma hani bai kwashe abin da ya riga ya nutse ba. A cikin ruwa mai haske da iska, TBT na rugujewa cikin kwanaki ko makonni. A cikin baƙar laka marar iska, sai ya yi shekaru. Tagulla da dalma da zaiba kuwa ba sa rugujewa ko kaɗan. Tsutsa ta ci laka, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya ci ƙarami, mai fatsa ya kai shi gida.

Abin da ya faru a San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya nuna yadda aikin kwashewar yake da wuya. A gabashin mashigin ruwan garin akwai manyan ma'aikatu biyu maƙwabtan juna, NASSCO da BAE Systems, inda ake ƙera jirage da gyara su, har da na sojan ruwa. Gwaji ya nuna lakar gindinsu ɗauke take da tagulla, zaiba, TBT, ragowar mai, da sinadarin PCB wanda Amurka ta hana ƙerawa tun 1979. An yi shekaru ana ja-in-ja kan wanda zai biya, domin ba kamfanonin kaɗai suka zubar ba. Akwai magudanan ruwan birni, akwai kamfanin wutar lantarki, akwai rundunar sojan ruwa, akwai hukumar tashar kanta. Sai a watan Maris na 2012 hukumar kula da ingancin ruwa ta yankin ta ba da umarnin a share wurin. Aka fara yasa a 2013, aka kammala a 2016, bayan an kwashe laka fiye da kubik mita dubu ɗari.

Ko lokacin aikin ba a hannun injiniyoyi kaɗai yake ba. Akwai wata 'yar tsuntsuwar teku da ke fuskantar ƙarewa, wadda ke sheƙa a gaɓar a watannin zafi, kuma da ido take farautar kifi a saman ruwa. Saboda ita aka karkata yawancin aikin zuwa watannin sanyi. Ga kuma jiragen da ke jiran gyara, waɗanda ba za a ce su dakata shekara uku ba. Haka aka riƙa yi gutsure-gutsure, a janye jirgi, a yashe gurbinsa, a mayar da shi.

Wanda ya taɓa ganin ana yashe rijiya ya san cewa da zarar guga ya taɓa gindi, ruwan duka sai ya gurɓace. Wannan ita ce babbar matsalar a teku, sai dai a nan abin da ke tashi guba ne, kuma igiyar ruwa na jiran ta kai shi nesa. Shi ya sa ba a amfani da irin gugan da ake haƙar yashin gini. Ana sa wani guga mai baki biyu wanda ke rufewa ruf, ana saukar da shi a hankali, kwamfuta na nuna wa direban ƙugiya inda ya riga ya ciza da inda ya rage. Kewaye da wurin ana shimfiɗa wani labule na roba mai yawo, kansa a saman ruwa, gindinsa da sarƙa mai nauyi, don ya tare dagulallen ruwa. A waje da labulen akwai na'urori masu auna duhun ruwa. Idan ya wuce ƙa'ida, a rage gudu ko a tsaya.

Duk wannan a fili ne, inda ƙugiya ke iya miƙa wuyanta. Abin da ya fi damuna shi ne cewa laka mafi muni ta fi taruwa a inda injin ba ya kaiwa. A ƙarƙashin dandamalin da jirage ke jingina, ruwa ba ya gudu, saboda haka lallausar laka ke samun wurin zama, kuma lallausar ce gubar ta fi manne wa, ba tsakuwa ko yashi ba. Wurin cike yake da ginshiƙai ɗaruruwa, na katako da na kankare, wasu a tsaye wasu a karkace, tsakaninsu ko ƙaramin kwalekwale da ƙyar yake ratsawa, shi ma sai ruwa ya janye. Haka abin yake a ramin da ke ƙarƙashin dandamali mai yawo, wanda ke nutsewa ya ɗauko jirgi a bayansa. Ramin nan tarko ne na laka.

Kuma ba laka kaɗai ke ciki ba. Akwai tayoyi, igiyoyin ƙarfe, sarƙoƙi, guntayen bututu, karyayyun ginshiƙai. Igiyar ƙarfe guda ta isa ta hana bakin guga rufewa, lakar ta tsiyaye tun kafin ta kai sama, ko ta naɗe famfo ta tsayar da aikin yini. Lokacin da aka yashe tashar Portsmouth ta Ingila tsakanin 2015 da 2017 don manyan jiragen yaƙi su samu shiga, an tsamo abubuwa sama da 20,000, ciki har da anka-anka, tsofaffin igwa, da bama-baman Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu da ba su fashe ba. Don haka kafin a taɓa laka sai an bi gindin ruwa da na'urar da ke gani da amsa-kuwwa da mai gano ƙarfe, a tsince tarkace ɗaya bayan ɗaya.

A irin waɗannan lunguna, sau da yawa mutum ne ke sauka. Mai nutso yana sanye da rigar roba da ba ta barin ɗigon ruwa ya taɓa fatarsa, kansa cikin kwalkwali, iska na zuwa masa ta mesa daga sama. A hannunsa akwai bakin wata ƙatuwar mesa mai zuƙar laka. Ba ya ganin tafin hannunsa, da lalube yake aiki, tsakanin ƙusoshi da ƙarafa masu kaifi. Idan ya fito, sai an wanke shi tas kafin ya cire rigar. Yanzu ana ƙera ƙananan injina masu rarrafe a gindin ruwa da ake sarrafawa daga sama, kuma ina ganin duk inda za su iya maye gurbin mutum, kuɗinsu bai yi yawa ba.

Akwai kuma inda hikima ita ce kada a haƙa. Lakar da ke gindin ginshiƙi tana cikin abin da ke riƙe da shi, idan aka kwashe ta fiye da kima, dandamalin na iya zamewa. A San Diego, ƙarƙashin dandamalai an zuba tsabtataccen yashi ne aka rufe gurɓatacciyar lakar. A ma'aikatar sojan ruwa ta Bremerton da ke jihar Washinton, a 2012, an gwada baza wani gawayi na musamman a ƙarƙashin wani dandamali. Gawayin yana kama PCB ya riƙe gam, ta yadda tsutsar da ta ci lakar ba ta ɗaukar gubar da yawa a jikinta. Wannan dabara ce mai kyau, amma kada a ruɗi kai: gubar na nan, an dai ɗaure ta ne. Farfelar babban jirgi na iya yaye murfin yashi, saboda haka dole a riƙa komawa ana dubawa shekara da shekaru, kuma dole a san wanda zai biya kuɗin dubawar tun kafin 'yan kwangila su tattara kayansu.

Fito da laka rabin aiki ne. Tana fitowa ne kamar kunu, mafi yawanta ruwa, kuma ruwan ma ba a mayar da shi teku sai an tace. A San Diego an riƙa gauraya ta da siminti don ta yi tauri, sannan manyan motoci su kai ta juji na musamman. Birnin Hambag na Jamus tun 1993 yake da masana'antar METHA, wadda ke raba yashi da lallausar laka, a yi amfani da yashin, a matse lakar a adana ta a tudu. Rotadam ta ƙasar Holan ta gina wani makeken tafki mai suna Slufter a 1987, musamman don binne irin wannan laka.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Da yawa daga cikin kayan da ke isa kasuwannin Kano ta teku suke shigowa, ta Apapa da Tin Can, kuma a Legas akwai wuraren gyaran jirage da suka daɗe suna aiki, irin na tsibirin Snake da na sojan ruwa a Victoria Island, duk a bakin ruwan da masunta ke kamun kifi. Idan aka yi maganar yasa a ƙasar nan, kamar lokacin da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro a 2009, zurfi da kuɗin kwangila ake tattaunawa. Ga tashoshin gyaran jirage, ya kamata a ƙara da wasu tambayoyi kafin guga ya taɓa ruwa: an ɗebi samfurin lakar daga zurfi daban-daban, har da ƙarƙashin dandamali? Me gwajin ya nuna, kuma an bayyana shi ga jama'a? A ina za a zubar da abin da aka kwaso, kuma wace unguwa ce mafi kusa da wurin?