Adireshin IP a Matsayin Haya: Saita DHCP a Samaru da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Duk na'urar da za ta shiga intanet sai ta sami adireshin IP, wato jerin lambobi irin 192.168.1.20. Idan na'urori biyu suka ɗauki adireshi ɗaya, sadarwarsu kan rikice. A babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda dubban ɗalibai ke kai-komo da wayoyi da kwamfutoci, ba zai yiwu a rubuta wa kowa adireshi da hannu ba. Wannan aiki ne tsarin DHCP yake yi. An fitar da ƙa'idojinsa a 1993, aka sabunta su a 1997.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Musayar saƙo huɗu ake yi. Na'ura takan yi shelar neman adireshi, sabar DHCP ta yi mata tayi, na'urar ta amsa cewa tana so, sannan sabar ta tabbatar. Tare da adireshin, akan sanar da ita ƙofar fita zuwa intanet da sabar DNS mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi. Adireshin haya ne mai wa'adi, kuma idan rabin wa'adin ya cika, na'urar kan nemi a sabunta mata.

3.0 Matakan Saitawa

A ƙaramar cibiyar sadarwa, rauta ce ke zama sabar. Da farko a ware zangon da za a raba, misali daga 192.168.1.50 zuwa 192.168.1.200, wato adireshi 151. Sai a keɓe wa firinta adireshi na dindindin ta hanyar lambarta ta MAC. A kuma tabbatar rauta ɗaya ce kaɗai ke rabo, domin idan an jona wata ta biyu tana rabon nata, wasu na'urori za su sami ƙofar fita da ba daidai ba. Daga nan sai a yanke wa'adi.

4.0 Muhimmancin Wa'adi

A shagon buga takardu na Sabon Gari mai kwamfuta goma, wa'adin awa 24 ya wadatar. A ɗakin lacca a Samaru kuwa, idan ɗalibai 150 suka karɓi adireshi da safe suka fita, adiresoshin na iya ci gaba da zama a sunansu har washegari. Ajin da ya biyo baya zai tarar zangon ya ƙare. Kwamfutar da ta rasa adireshi takan ba kanta wanda ya fara da 169.254, sai ɗalibi mai son cike fom ɗin rajista ya ga alamar Wi-Fi amma shafi ya ƙi buɗewa. Maganin shi ne a rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko biyu, ko a faɗaɗa zangon.

5.0 Kammalawa

Kafin a zaɓi wa'adi, ya kamata mai saitawa ya ƙiyasta yawan na'urorin da ke shiga wurin da tsawon zaman da suke yi. Ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi kuma, kalmomin haya, tayi da wa'adi, waɗanda Bahaushe ya saba da su a kasuwa, sun isa su bayyana wannan tsari ba tare da aro ba.