Cocin da ba shi da fasto: wa ke riƙe da shi?

Makonni uku da suka wuce wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta rubuto mana daga Tudun Wadan Zariya da wata tambaya. Ta ce ƙawarta da suke zama benci ɗaya, wadda iyayenta suka taso daga kudancin Borno, ta gaya mata cewa cocinsu ya shekara biyu babu fasto. Abin ya ɗaure mata kai. A masallacin layinsu, in ji ta, idan liman ya yi tafiya na'ibi ne ke jan salla, kuma kowa ya san liman zai dawo. To wurin ibadar da ba shi da limami kwata-kwata fa, yaya yake yi? Ta ƙara da cewa tana ganin haruffan EYN a jikin zanen mahaifiyar ƙawar tata, amma kunya ta hana ta tambaya.

Ta biyun ta fi sauƙi. EYN na nufin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ku lura sunan da Hausa yake, alhali yawancin mabiyanta Bura ne da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba, mutanen kudancin Borno da arewacin Adamawa. Kowace ƙabila da harshenta, Hausa ce ke haɗa su idan sun taru. Tambaya ta farko kuwa, sai da muka taka da ƙafa.

Ranar Lahadi a bayan gari

Mun sami 'yar ƙaramar majami'ar a wata sabuwar unguwa a gefen Zariya. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, ba silin, tagogi biyu ba a sa musu ƙyaure ba tukuna. Mutanen ba su kai ɗari ba, kusan rabi yara. Wanda ya buɗe sujada malamin firamare ne. Wanda ya yi wa'azi tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, ya zo da rubutunsa a bayan wata tsohuwar takarda. Mai riƙe da kuɗin baiko wata uwa ce da ke sayar da hatsi a kasuwar Tudun Wada. Sanarwa kuwa, wani yaro mai shirin jarrabawar WAEC ne ya karanta, da Hausa sannan da Turanci, muryarsa na rawa a farko kafin ta daidaita. Mata suka yi waƙa da tukunyar ƙasa da ake bugawa a baki, har kwanon rufi yana amsawa.

A jikin bango an manna jadawali na wata uku: wane zai yi wa'azi ran kaza, wance za ta koyar da yara, su wane ke da shara. Wannan takardar ita ce ke tsaye a gurbin fasto.

Sai dai akwai abin da jadawali ba ya yi. Baftisma da jibin Ubangiji da ɗaurin aure aikin naɗaɗɗen fasto ne, don haka sai sun aika uwar coci a turo musu. Akwai matasa da suka gama ajin shirin baftisma suna jiran ranar da za a samu mai yi musu. Abin da ya fi damun dattawa shi ne dare: idan ciwo ya tashi, ko mutuwa ta faɗo, ko miji da mata suka ɓata, babu ƙofa ɗaya da kowa ya san ita ake bugawa.

Mutum takwas a bakin kogi

Wanda bai san tarihinsu ba zai ɗauka rashin fasto baƙon abu ne gare su. A haka ma suka fara.

A 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wasu Kiristoci suka ce ba za a yi wa jariri baftisma ba, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Da yake an riga an yi musu tun suna jarirai, da suka sake yi sai abokan gaba suka laƙa musu suna Anabaftis, wato masu sake baftisma. Sun kuma ƙi ɗaukar makami da rantsuwa. Hukumomin wancan zamani ba su ɗauki wannan da wasa ba. A 1527 aka nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, a kogin Limmat. Akwai labarin da har yau suke ba 'ya'yansu, na Dirk Willems a ƙasar Holan a 1569. Ya tsere daga kurkuku, ya bi ta kan tafkin da ya daskare, mai binsa ya rufta cikin ruwan ƙanƙara. Dirk ya juyo ya ciro shi. Nan take aka sake kama shi, daga baya aka ƙone shi.

Reshen da ya iso Nijeriya ya tsiro ne a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na Jamus. Mutum takwas, maza biyar mata uku, suka shiga kogin Eder. Ba su da limami. Ƙuri'a suka jefa, wanda ta faɗa kansa ya yi wa jagoransu Alexander Mack baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Sun ɓoye sunan mutumin da gangan, don kada wata rana a ce cocin wane ne. 'Yan'uwa kawai suke kiran junansu. Bayan sun ƙaura zuwa Amurka daga 1719, sun daɗe ƙwarai masu wa'azinsu manoma ne da masu sana'a da jama'a ke zaɓa daga cikinsu, ba albashi.

Har yanzu suna riƙe da wata al'ada da ke tuna musu wannan. A lokacin bukin da suke kira na ƙauna, kowa na durƙusawa ya wanke ƙafar na kusa da shi, maza gefe mata gefe, bisa abin da ke cikin Linjilar Yohanna sura 13. Farfesa na iya wanke ƙafar mai gadi.

Daga gindin tsamiya

Ranar 17 ga Maris 1923, 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida, ƙasar Bura. Daga nan aka yi makarantu da asibitoci da wurin jinyar kutare. Masu karatun kimiyyar lafiya sun san zazzaɓin Lassa. Sunan ya fito ne daga garin Lassa a Borno, inda wata nas ta wannan mishan, Laura Wine, ta kamu da cutar da ta yi ajalinta a 1969, kafin duniya ta san da ita. Yau cocin na hannun 'yan ƙasa, hedkwatarsa na Kwarhi kusa da Mubi, ya yi bikin cika shekara 100 a 2023, kuma mabiyansa a Nijeriya sun ninka na Amurka sau da yawa.

To me ya kawo su Zariya? Abin da ya kawo kowa: karatu da aiki. Jami'ar Ahmadu Bello, asibitin koyarwa, kwalejin ilimi, barikin soja, jirgin ƙasa. Kiristanci da Hausa dai ba baƙo ba ne a nan, domin Wusasa na nan tun 1929. Daga baya kuma gudun hijira ya ƙaro wasu.

Aikin unguwa

Abin da ya fi jan hankalinmu ba a ranar Lahadi yake ba. Ƙungiyar matansu, Zumuntar Matan Ekklesiya da ake taƙaitawa ZME, ita ce ƙashin bayan wurin. Idan aka turo majinyaci daga gida zuwa asibitin Shika, ba shi da kowa a Zariya, su ne ke karɓa-karɓar dafa abinci da wanki. Sun ce ba sa tsayawa tambayar addinin na gadon gefe kafin su zuba masa. Ɗalibin da ya sauka a tasha da akwati bai samu ɗaki ba, akan nema masa tabarma a gidan wani na kwana biyu.

Matasa kuwa suna da darasin yamma na lissafi da Turanci kyauta, kuma yaran maƙwabta Musulmi na zuwa. Wannan bai zo da sauƙi ba. Wasu iyaye sun yi ɗari-ɗari, kuma ba mu ga laifinsu ba, don duk uba na da haƙƙin sanin abin da ake koya wa ɗansa. Aka sasanta ta hanyar mai unguwa: darasi a ƙarƙashin bishiya a waje, ba cikin coci ba, ba wa'azi, kuma a tashi kafin magariba. Kafin damina suna fitowa yasar kwata tare da samarin layin. Wanda ya san gayya ya san irin wannan.

Duk wannan ba fasto ake yi. Wani dattijo ma ya nuna mana fargabarsa cewa ranar da fasto ya zo, mutane za su naɗe hannu su ce ai ga mai albashi.

Yadda ake samun fasto

A Amurka, cocin 'Yan'uwa da ba shi da fasto kan kafa kwamitin nema, a tattauna da masu so, jama'a su kaɗa ƙuri'a. A EYN ba haka ba ne. Shugabannin coci ne ke tura ma'aikata, suna kuma yi musu canjin wurin aiki, kamar yadda ake yi wa malaman makaranta.

Akwai matakai. Ƙaramin reshe, wanda suke kira LCB, yana ƙarƙashin uwar coci. Sai ya nuna zai iya tsayawa da ƙafarsa kafin a ba shi 'yancin zama cikakken coci, wato LCC. Cikakkun coci-coci na haɗuwa su zama gunduma, DCC, a can sama kuma akwai babban taron shekara da ake kira Majalisa. Ita ce ta zaɓi shugaba mai ci, Rabaran Daniel Mbaya, a 2024, bayan Rabaran Joel Billi. Tsayawa da ƙafa na nufin jama'a ta yi yawa, akwai wurin sujada, akwai inda ma'aikaci zai kwana da iyalinsa, kuma baiko zai iya riƙe shi wata bayan wata. A nan gizo ke saƙa. Jama'ar da rabinta ɗalibai ne, hannunta bai da nauyi, kuma duk hutu benci kan yi fili.

Shi ma faston ba a dare ɗaya ake yin sa ba. Yakan yi karatu a makarantar tauhidi ta Kulp da ke Kwarhi, ko TCNN da ke Bukuru kusa da Jos, ya yi aiki na wasu shekaru, a keɓe shi na gwaji, sannan a yi masa cikakken naɗi. EYN ba ta naɗa mata fasto, duk da tana da mata masu zurfin ilimin tauhidi, kuma ana ta muhawara a kai. 'Yan matan da muka zanta da su ba su ɓoye ra'ayinsu ba.

Wane irin mutum suke so?

Nan ne kawuna suka rabu. Tsofaffi na son wanda zai gaishe su da harshen gida, ya san yadda ake zaman makoki. Matasa, waɗanda aka haifa a Zariya, Hausa da Turanci suka iya, suna son wanda zai amsa tambaya ba tare da tsawa ba. Mata na tambayar halin matarsa, don bisa al'ada ita ce uwar zumunta. Abu ɗaya ne kowa ya ambata ba tare da mun tambaya ba: ya zama mutumin da zai je ya gai da mai unguwa da limamin layi a makon da ya sauka, kuma wanda ba ya hura wuta.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne, sa'o'inku a lokacin. A ƙarshen Oktoban wannan shekara Boko Haram ta mamaye Kwarhi, shugabanni da ɗaliban Kulp suka watse, hedkwata ta koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone ɗaruruwan majami'u, an kashe dubban mabiya. Musulmin yankin ma sun sha irin wannan, har Sarkin Gwoza Idrisa Timta aka kashe a watan Mayun 2014. Zariya kanta ba ta manta 17 ga Yuni 2012 ba, ranar da bam ya tashi a coci a Sabon Gari da Wusasa.

Shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ya yi ta kira ga mabiyansa kada su rama. Matarsa, Dakta Rebecca Dali, ta kafa ƙungiyar tallafa wa zawarawa da marayu, Musulmi da Kirista, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. Faɗin wannan na da sauƙi a takarda. A kan waɗannan bencina akwai samarin da suka rasa uba ko yaya, kuma ba dukansu ne suka gamsu da labarin Dirk Willems ba. Malamin firamaren nan ya ce mana akwai tambayoyin da idan yaro ya yi masa, yakan rasa ta cewa, sai ya ce a bari fasto ya zo.

Kafin mu tafi suka zaga da mu bayan ginin. Gidan faston ya kai tagogi, ɗaki biyu da falo, ciyawa ta fara fitowa a tsakar falon. Ranar Asabar suke buga bulo idan an samu kuɗin siminti. Ƙawar mai wasiƙarmu tana cikin masu ɗebo ruwa, kuma a sabon jadawalin da za a manna wata mai zuwa, ita aka sa ta karanta sanarwa.