AJIYAR WAKE DA DAFA SHI BA TARE DA GUBA BA

Wanda ya shiga Kasuwar Shanu ta Maiduguri zai ga shanu da tumaki da raƙuma, da manyan motoci ana lodin dabbobi zuwa Kudu. In ya dubi gefe kuwa, zai ga dammunan harawa da ake sayar wa masu dabbobi, ga kuma masu tuwo-tuwo da tukwanen wake da shinkafa. Dillali da ɗan dako da direba, yawancinsu wake suka fi ci bisa nama, ko da yake cikin shanu suke wuni. Haka abin yake a gidajen talakawa ko'ina cikin ƙasar nan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin wannan wake a duniya; Jamhuriyar Nijar ke bi mata. Jihar Barno na cikin manyan wuraren da yake fitowa.

Wake yana araha da kaka, ya yi tsada da bazara da damina. Saboda haka maigida mai dabara yakan sayi abin da zai ishi iyalinsa tun da wuri. Matsalar ita ce ƙwaro.

Tun daga gona ƙwaron wake yake biyo shi. Macen takan manna ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci har ta girma. A lokacin zafi, mako uku zuwa huɗu ya ishe ta ta fito da fukafukai, ta bar rami, ita ma ta soma nata ƙwan. Buhun da aka ajiye haka nan tun watan Nuwamba, kafin azumin watanni kaɗan sai a tarar ya zama gari da wari.

Gudun wannan hasara ne ya sa waɗansu 'yan kasuwa da magidanta suke yayyafa wa wake fiya-fiya ko Sniper, waɗanda ke ɗauke da gubar da ake kira dichlorvos. Ba a yi su don abinci ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin gubar da aka samu a cikinsa ta zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. A 2018 kuma aka ga hotunan masu zuba Sniper cikin wake sun bazu, har hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a. Haka nan ƙwayar nan da ake kira bom, wadda ake jefawa cikin buhu, iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Aikin ƙwararru ce a manyan ɗakunan ajiya, ba ta da wuri a ɗakin da ake kwana.

Don haka mai saye ya lura. Waken da ake gani cikin damina sumul, ba rami ko ɗaya, ƙuda ba ya sauka kansa, abin tambaya ne. A ɗebo shi a tafin hannu a sansana. In akwai warin magani, ko hannu ya yi fari da wata hoda, a bar shi komai arharsa. Wake mai 'yan ramuka kaɗan ya fi mai guba sau dubu.

Ƙwaro kuwa ana iya kashe shi ba da magani ba, domin shi ma numfashi yake yi. Da fari a tsince waken, a sheƙe shi, a shanya shi ya bushe ƙarau, yadda in an gatsa ƙwaya za ta fashe da ƙara. Sa'an nan a zuba shi cikin abin da iska ba ta shiga. Ga mai buhu guda ko fiye, akwai buhun PICS mai ciki uku, watau leda biyu masu kauri da buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a ƙasar Kamaru suka gano wannan dabara, aka soma yaɗa ta a Afirka ta Yamma daga 2007. Ana matse iska a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. A duba ledar tukuna kada ta kasance da huda, a kuma ɗora buhun bisa katako nesa da bango saboda ɓera da danshi. Mutanen Maiduguri da suka ga ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 sun san abin da ruwa ke yi wa abincin da aka jibge a ƙasa.

Uwargida mai mudu biyar ko goma ba ta bukatar wannan buhu. Jarka mai murfi ta isa, muddin ba a taɓa zuba fetur ko magani a cikinta ba. A wanke ta, ta bushe sarai, a cika ta har baki, a toshe. Sirrin shi ne kada a riƙa buɗewa kullum, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. Gara a raba waken cikin ƙananan jarkoki ko robobin ruwa, a cinye ɗaya kafin a taɓa ta biyu. Dabarar kakanni ta cuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka, kwano da kwano, ita ma tana aiki har yau.

Wajen dahuwa, a tsince tsakuwa, a wanke sau biyu ko uku. Jiƙa wake na awa shida ko kwana guda yana rage lokacin dahuwa da cin itace, kuma in an zubar da ruwan jiƙon kumburin ciki yana raguwa. Tsohon wake da ya daɗe cikin zafi da danshi yakan yi taurin kai a tukunya. Shi ya sa masu girki suke kai hannu ga kanwa. Kanwa tana sa shi laushi, gaskiya ne, amma in ta yi yawa tana lalata waɗansu sinadaran bitamin, tana kuma ɓata ciki. 'Yar kaɗan ta wadatar. Tumatir da duk wani abu mai tsami a jinkirta su sai wake ya nuna, don tsami yana hana shi laushi.

Haɗa wake da hatsi, kamar garau-garau ko wake da gero, ya fi amfani ga jiki bisa cin kowanne shi kaɗai, domin abin da ɗaya ya rasa yana wurin ɗayan. Ƙosai da kunu ma haka ne. Yaron da ya wuce wata shida ana iya ba shi alale ko faten wake da aka surfe aka cire ɓawon, a dama shi da laushi.

Waken da ake shakkarsa, waɗansu sukan tafasa shi su zubar da ruwan fari. Wannan yana rage guba, amma ba ya tabbatar da ta fita duka. Idan mutanen gida suka ci wake suka soma amai da zawo, da dalalar miyau, da zufa, ko numfashi ya yi wuya, kada a tsaya ba su manja ko madara. A kai su asibiti nan take, a tafi da ragowar abincin da ɗanyen waken domin likita ya gani.