Kafin iskar damina ta iso: wa za ka kira ya sare bishiyar gidanka?

Yau hirar tamu a kan bishiyar tsakar gida ce, musamman dogonyaro, wadda wasu ke kira darbejiya, wasu bedi, wasu maina. Asalinta daga Indiya take, amma yau da wuya ka zaga unguwa a Kano ko Maraɗi ba ka ga inuwarta ba. Ni ma masoyinta ne. Sai dai fa idan ta tsufa ko ta ruɓe, iskar farkon damina guda ɗaya ta isa ta kwantar da ita a kan ɗakin da yara ke barci.

To ta yaya za ka gane bishiya ta zama haɗari? Fara daga gindi. Idan ka ga ƙasa ta tsage ko ta ɗago ta gefe guda, kuma bishiyar ta soma karkata alhali da a miƙe take, saiwa ce ta fara saki. Wannan ya fi faruwa inda aka datse saiwoyi garin haƙa fandishan, kwata ko ramin masai. Sai ka duba jikinta: akwai kogo? Gara ta yi hanya a kai? Ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa, in ka ji tana amo kamar ganga, cikin ya rarake. Daga nan ɗaga kai sama ka nemi busassun rassa da tsagewa a inda manyan rassa biyu suka rabu.

Akwai wani abu da muke yi da sunan gyara, wato gundule kan bishiya gaba ɗaya. Rassan da ke tofowa bayan haka suna saurin girma, amma ba su kama jikin uwar da ƙarfi ba, su ne kan fara karyewa idan iska ta taso.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya. Yawancinmu idan muka yanke shawarar sarewa, sai mu kira mai gatari mu ce, "Malam, sare ka kwashe itacen a bakin ladanka." Arha, ko ba haka ba? Amma ka lura, wanda itace ne ladansa, hankalinsa na kan yawan itacen da saurin gamawa. Rufin kwanonka da katangar maƙwabcinka ba sa cikin lissafinsa.

Bari in ba ku misalin nauyin da ake magana. Ɗanyen gungume mai tsawon mita 1 da kaurin rabin mita ya kai nauyin buhun siminti 3. Ka ɗauka ya faɗo daga saman bene. Babu kwanon da zai tare shi, balle kan mutum.

Ƙwararre ba ya fara sara sai ya zaga bishiyar ya ga inda nauyinta ya rinjaya, da inda iska ke kaɗawa, da hanyar da zai bi ya kauce. A fili mai faɗi, yana yanke ɓangare ta gefen da yake so ta faɗi, sannan ya yanko ta baya, ya bar ɗan tsakiya yana riƙe da ita kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. Nan ne sirrin sarrafa faɗuwar. Kuma duk wanda ba ya cikin aikin sai ya ja baya kamar ninki 2 na tsawon bishiyar. Gidajenmu kuwa ina suka ga wannan filin? Shi ya sa a tsakar gida ba a kayar da ita a lokaci guda. Hawa ake yi da igiya ɗaure a ƙugu, a yanko reshe-reshe daga sama, a ɗaure kowanne a sauke shi a hankali.

Batun wayar wuta kuma, wallahi kada a yi wasa da shi. Ɗanyen reshe yana ɗaukar lantarki, kuma manyan layukan 11kV da 33kV ba sai ka taɓa su ba, kusantarsu ma na iya kisa. Kada wani ya ce maka "ai NEPA sun ɗauke." Suna iya dawowa da ita mutum yana sama. A je ofishin kamfanin wuta a nemi su kashe layin tukuna.

Kafin ka ba mutum aikin, ga abin da ni zan tambaye shi. A ina ya taɓa yin irinsa, zan iya zuwa in gani? Yana da injin yanka, igiyoyi, hular kwano da mataimaka a ƙasa? Idan reshe ya fasa rufina ko na maƙwabci, wa zai biya? Kwashe rassa da tone kututture suna cikin kuɗin? Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don kututturen dogonyaro sake tofowa yake yi. Ku yi maganar a gaban shaidu, in da hali a rubuta, kuma kada ka biya duka sai an gama. Mutumin da ya fusata da waɗannan tambayoyin, sallame shi cikin mutunci.

Abu biyu kuma kafin ranar aiki: sanar da maƙwabta su janye yara da ababen hawa, sannan ka leƙa wajen malaman gandun daji ka ji ko ana bukatar izini. A Nijar, misali, gawo na cikin itatuwan da doka ta kare.

Kuma ba kowace bishiya ce sai an sare ba. Wani lokacin gwani zai duba ya ce maka reshe biyu kawai za a rage, inuwarka tana nan. In kuwa ta kama a sare, ka dasa wata nesa da katanga da wayar wuta, don zafin watan Afrilu ba ya raga wa gidan da babu inuwa.

Ku leƙa gindin bishiyarku tun hadari bai fara haɗuwa ba.